Zobe a Cikin Ginshiƙi

9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Neus,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma sanyin Hamburg bai cinye miki hanci ba. Ya aikin asibiti? Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Ni kuma an ce in daina. Haka gidan namu yake.

Kin tambayi me ya hana ni kiran waya kamar sauran mutane. A waya kina katse ni, kuma kina gane ƙarya daga numfashina. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga aji shida na hau motar raba gas, kuma malamin bai yi kukan rabuwa da ni ba.

Na je wurin likitar da kika ce, a Tarragona. Sikelinta ya nuna kilo ɗari da arba'in da tara. Na ce a cire nauyin takalmi, ba ta yi dariya ba. Ta duba sukari da hawan jini, ta ce in na ci gaba a haka ba ta yi mini alkawarin shekara sittin ba, ga ni da hamsin da huɗu. Sai ta ɗauko abin ta ajiye a tafin hannuna. Zoben roba ne fari, kamar na bakin tukunyar gas. Za su ɗaura shi a wuyan tumbina don abinci ya riƙa wucewa kaɗan-kaɗan. Akwai siririn tiyo daga zoben zuwa wani ɗan maɓalli da za su ɓoye a ƙarƙashin fata. Ta nan za ta riƙa tsira allura, ta ƙara ruwa zoben ya matse, ko ta zuƙe ya saki.

Ba wuƙar nake tsoro ba, Neus. Hasumiyar mutane da muke tayarwa a dandali nake tunani. Shekara ashirin da shida ina ɗaya daga cikin ginshiƙai huɗu na ƙasa, mutanen garin nan suna hawa kafaɗata, wani a kan wani. Wannan tumbin da likita ke harara, a dandali shafa shi ake yi. Bana kuma Sisco, shugabanmu, ya rantse a bikin gari na Agusta sai mun tayar da mai hawa takwas, wadda muka yi shekara goma sha ɗaya muna nema. Yayanki Aleix zai tsaya a kafaɗata kamar kullum, kuma 'yarsa Ona aka zaɓa ta hau ƙololuwa ta ɗaga hannu. Shekararta bakwai. Kaka a ƙasa, uba a kansa, jika can sama. Kin taɓa jin gidan da ya samu haka?

Na sa hannu, za a yi aikin sha ɗaya ga Maris. Ke da mamanki kaɗai kuka sani. Sauran na ce musu gwaiwa ce. Gara su yi mini dariyar gwaiwa wata guda da Sisco ya fara auna ni da ido. Mateu mahauci ya shekara shida yana riƙe ni ta baya a hasumiya, yana jiran in mutu ko in gaji ya gaji wurin. Kada ki gaya wa Aleix.

Babanki mai nauyi,
Benet

20 ga Mayu

'Yata Neus,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin nan ya sake ki. Muna lafiya, mamanki ta gode da man shafawar.

Kin ce in ba ki labari dalla-dalla kamar mara lafiya na gari. To, ramuka biyar ne ƙanana a cikina, sun warke. Mako biyu na yi a kan romo, wasu biyu a kan abin da mamanki ke markaɗawa, wanda ko Ona ta leƙa kwanon ta ce Allah ya kyauta. An tsira mini allurar sau biyu. Yanzu abincina ba ya cika kofin shayi, kuma sai na tauna kowace loma sau talatin. Ni da nake cinye farantin wake da tsiran alade kafin mamanki ta zauna, yanzu ita ke gama wanke-wanke ta dawo ta same ni ina tauna. Kilo goma sha tara sun tafi. Sukarin ya sauka, likita har ta yi murmushi, ashe tana da haƙora.

Ina hawa bene da tukunyar gas ba tare da na tsaya hutawa a hawa na biyu ba. Wannan gaskiya ce, ki rubuta a wurinki cewa kin yi nasara.

Amma ranar Juma'a bayan gwajin hasumiya muka zauna cin abinci duk ƙungiya. Mateu ya turo mini burodi da tumatir, ya kira ni da laƙabina ya ce, Tukunya, gwaiwar ce ta tafi da rabinka, ko matarka Remei ce ta daina dafa maka? Aka yi dariya. Don in rufe masa baki na gatsa babba na haɗiye. Neus, burodin nan ya tsaya mini a ƙirji kamar dutse. Yawu ya cika mini baki, gumi ya karyo. Na tashi ina murmushi, na ce zan duba motata, na zagaya bayan gini na dawo da shi. Da na komo Sisco yana kallona, ba ya dariya.

Ɗamarar da nake naɗawa a ƙugu don hasumiya ma tana neman tona ni. Da zagaye uku take yi mini, yanzu huɗu har da saura. Kuma in aka ja ta da ƙarfi tana danne maɓallin nan, sai in ji kamar an soka mini ƙusa. Na koyi naɗa ta ƙasa kaɗan.

Kafaɗa ba tumbi ba ce, ƙarfina yana nan. Ki daina damuwa.

Babanki,
Benet

3 ga Agusta

Neus,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, na ga layin da kika ja a ƙarƙashin kalmomi har takarda ta huje.

Mamanki ba ta kyauta ba da ta gaya miki, amma tunda ta faɗa, ga yadda aka yi. A gwajin makon jiya mun tayar da hawa shida, da raga a shimfiɗe, ba yara a sama. Ina ƙasa, Aleix a kafaɗata, sai na ga duhu yana shigowa ta gefen idona, kunnuwana suka toshe. Gwiwata ta hagu ta lanƙwashe kaɗan. Kaɗan, Neus, ko faɗin yatsa biyu bai kai ba. Mateu ya ƙanƙame ni ta baya, abin ya wuce. Da aka sauka na ce takalmina ne ya zame.

A mota Aleix ya tare ni. Ya ce tafin ƙafarsa ya san kafaɗata tun yana ɗan sha shida, yanzu ƙashi yake takawa. Ya tambaye ni ko ciwo ne nake ɓoyewa, irin wanda ya kashe kawunku. Na ga tsoro a fuskar yaron nan. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji kaina ina cewa mamanku ce ta sa ni a tsarin cin ganye.

Na koma wurin likita kamar yadda kika umarta, ranki ya daɗe. Kin yi gaskiya, ƙwayoyin hawan jinin na mutum mai kilo ɗari da hamsin ne, ni kuwa yanzu ɗari da sha takwas. Ta rage su. Na roƙe ta ta zuƙe ruwan zoben gaba ɗaya zuwa bayan biki, in ci in murmure. Ta ce mako uku ba ya mayar da abin da wata biyar ya ɗauke, sai dai ya dawo da sukarin. Ta zuƙe kaɗan don in riƙa shan ruwa sosai. Ta tambayi wane irin nauyi nake ɗauka. Na ce tukwanen gas.

Kin ce in ban gaya wa Sisco ba, za ki kira Aleix. Ina roƙonki kada ki yi. Sau ɗaya ne, kuma an gyara. Tun da aka rage maganin garau nake. Kina ganin zan tsaya a ƙarƙashin Ona in ina shakka? Saura mako uku. Ki bar mini wannan ɗayar, daga ita na sauka da kaina.

Babanki da ke sonki ko kina faɗa,
Benet

27 ga Agusta

'Yata Neus,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na san mamanki ta kira ki ranar Lahadi ta ce kowa lafiya. Sauran ni ya kamata in faɗa.

Na yi miki ƙarya a wasiƙar da ta wuce. Bayan an rage maganin, duhun ya sake zuwa sau biyu, ɗaya a kan bene da tukunya a kafaɗa, ɗaya a gwajin ƙarshe. Ba wanda ya lura, ko kuma Mateu ya lura ya yi shiru.

Ranar bikin da safe ko ruwa da ƙyar ya wuce. Da muka isa dandali na miƙa wa mamanki bakin ɗamara ta riƙe in juya a ciki, kamar yadda muke yi tun kafin a haife ki. Ta ƙi karɓa. Ta harɗe hannuwa tana kallon inda ake ɗaura wa Ona hular kwano. Mateu ne ya riƙe mini.

Tsakar rana ce, dandali ya cika har kan baranda. Na shiga wurina, jama'a suka matso suka tallafe mu ta ko'ina, Mateu ya rungume ni ta baya. Aleix ya hau, na ji ƙafafunsa suna neman wurin zama a kafaɗata. Kin san ƙa'ida: muddin Sisco bai ba masu algaita hannu ba, ana iya sauka a sake shiri, ba a ɗauke shi faɗuwa ba. In aka busa kuwa, yara sun kama hawa, kuma ba mai jin muryar na ƙasa. 'Yan hawa na uku suka fara takawa. Nauyin ya sauko mini, sai ga duhun nan a gefen ido, ɗan kaɗan, kamar yana sallama.

Na ce a raina zai wuce, sau uku yana wucewa. Minti uku ne kawai. Na ji Sisco yana tambaya ko ƙasa ta zauna, abin da ya rage kawai a busa algaita.

Na juya baki wajen Mateu na ce, "Ka ce a sauka."

Ya matse ni, ya ce a kunnena, "Ina riƙe da kai, Tukunya. Na san komai tun Yuli. Ba zan bari ka durƙusa ba, ka tsaya ka ci abinka."

Mutumin da na shekara shida ina zargi ke nan. Kuma wallahi na so in yarda.

Na ce, "Ona ce za ta hau."

Mateu ya ɗaga murya, aka miƙa maganar baki-baki har wurin Sisco. Aka sauko. Aka buɗe mini hanya na fito. Sisco ya taho da fushinsa, Aleix a bayansa. A gabansu da duk mai kunne na ce ba gwaiwa ba ce, zobe ne a cikina, ba na cin abin da ya kai na kyanwa, kuma sau uku ina ganin duhu. Na so in ƙara da wani abin dariya, ban samu ba.

Aleix ya dube ni, fuskarsa fara fat. Ya ce, "Wata guda ina zaton mutuwa kake yi. Kuma da ka bar ta ta hau."

Gaskiyarsa ce, don saura ƙiris in bar ta.

Mateu ya shiga wurina, wani ya shiga nasa. Aleix ya tsuguna ya yi magana da Ona, ta gyaɗa kai. Ni na koma can bakin taro, inda baƙi da masu wucewa ke sa hannu, na dafa bayan wani saurayi da ban sani ba, na sunkuyar da kai yadda ake yi. Don haka ban ga komai ba. Na ji an busa, na ji nauyi yana ratsowa ta bayan mutane har tafin hannuna, na ji algaita ta canza murya, alamar ta ɗaga hannu. Ban numfasa ba sai da aka sauke ta lafiya, dandali ya ɓarke da sowa. Hawa takwas, Neus. Mateu yana kuka kamar an ƙwace masa wuƙa.

Aleix bai yi mini magana ba har yau, kuma bai zo cin abincin Lahadi ba. Ban ga laifinsa ba. Kada ki sa baki, nawa ne in gyara. Ranar Talata zan koma wurin likita, wannan karon zan gaya mata irin tukwanen da nake ɗauka.

Jiya uwar Ona ta kawo ta. Ona ta zauna tana kallona ina tauna, sai na kasa haƙuri, na tambaye ta ko ta ji bambanci da ba ni ne a ƙasa ba. Ta ɗago da mamaki, ta ce, "Au, ba kai ba ne?"

Mamanki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi, daga baya.

Ki gaishe da abokan aikinki. Ki zo Kirsimeti, za ki same ni, sai dai ki duba da kyau.

Babanki,
Benet