Yatsunki Uku a Murfin Garmaho

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, ina sanar da ke na ciro garmahon Baba daga tsohon rumbunmu na Kutama, inda kika ɓoye shi saboda ni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na dawo daga Kano da ɗanyen kai, na ɗauko gatari wai zan fasa kayan shaiɗan. Babu wanda ya sa ni. Kika tare ƙofa kika ce, "Katako ne, Auta, me ya yi maka?" Washegari na neme shi na rasa. Na manta cewa ko a matsin zamanin ostariti, da aka sayar da awaki da keken Baba, shi kaɗai kika hana a taɓa.

Gara ta yi masa illa, Inna. Siririn katakon da aka lulluɓe jikinsa da shi duk ya ɗaɗɗago, wani wurin ya ɓare. Na kai wa Malam Sule kafinta a Gwarzo, na ce ya ɓamɓare duka ya manna fomeka. Kin san ni da gaggawa! Bawan Allah ya ƙi. Ya riƙa ɗura gam ƙarƙashin kowane ɓawo, ya shimfiɗa tsumma, ya danne da dutsen guga mai ɗumi.

Da ya zo kankare murfin da samfefa sai ya dakata, ya kira ni. Tabo uku ne jajaye a gefe, yana tambaya ko ya goge.

Wallahi ina gani na tuna, shatin yatsunki ne. Jajiberin salla ne, kin ƙunsa lalle, allura ta maƙale a faifai, kika ɗaga murfin da hannunki ɗanye. Baba na ta faɗa, ke kuwa sai dariya.

Ba mu da hotonki ko ɗaya, ba ki taɓa yarda an ɗauka ba. Da gatarina ya sauka, ko da fomeka ta hau, da shi ke nan.

An shafe shi da man sheƙi, tabon yana nan. Garmahon ba ya magana, ban kuma damu ba. Na gode da kika tare ƙofar nan, Inna. Kullum in zan fita, sai na ɗora yatsuna uku a kan naki.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini ɗaga miki murya da na yi.

Autanki mai gatari.