Na Iya Shigar da Ƙara, Amma Ba Ni da Adabin Turanci

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ɗaukar Ɗaliban Koyon Aikin Lauya, Samaru.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Sunana Hajara, daga Jushi. Ni ce matar nan mai buga takardu a gindin darbejiyar da ke bakin kotu a Sabon Gari. Da tafireta na fara tun ina amarya, yanzu ina da jikoki, ina lallaɓa kwamfuta. Sau uku ina neman gurbin karatun lauya a wurinku, sau uku ina duba jerin sunaye babu nawa.

Ga ƙorafina na ɗaya. An ce laifina ba ni da kiredit a adabin Turanci. Gaskiya ne. A makarantarmu ba a koyar da shi ba. Na sake zama jarrabawar da furfurata, na faɗi, don ni dai na kasa gane abin da ya sa mawaƙin yake kuka a kan fure.

Na biyu. Ɗalibanku da kuka yaye, masu kiredit ɗin, wurina suke fara tsayawa. Su zo da baƙar kwat da fayil, su rage murya su tambaye ni kwafi nawa ake kai wa rajistara. Ni nake gaya musu a ƙirga na kotu, da na kowane wanda ake ƙara, da na ajiya. Ni nake hana su sa hannu a takardar rantsuwa kafin a je gaban mai rantsarwa, in tuna musu cewa takardar da ba a buga wa hatimi ba, kotu ba ta san da ita ba. Ba gori nake yi ba, ina son yaran nan. Sai dai idan sun shige ciki suka bar ni a waje, raina yana sosuwa.

Na uku, wannan ba ƙorafi ba ne. Da azahar, idan aiki ya lafa, nakan jingina da bishiyar in lumshe ido. Sai in gan ni a cikin motar Samaru da jakar littattafai, iska tana kaɗa mayafina. In gan ni a aji, kujerar gefen taga, malami yana bayanin dalilin kalmomin da na yi shekaru ina bugawa ban san wanda ya fara faɗarsu ba. Wani lokacin har in miƙe a gaban alƙali, farar hular nan ta lauyoyi a kan ɗankwalina, muryata ba ta rawa. Maman Chinedu mai sayar da ambulan ce take taɓa ni in farka.

Yanzu likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini idon dama, ƙananan rubutu sun soma guduna. Littattafanku kuwa duk ƙananan rubutu ne.

Roƙona shi ne a duba ko akwai ƙofa ga irinmu da muka tsufa a bakin kotu. Ku zaunar da ni, ku ba ni ƙara in shirya ta tun daga farko har hatimi, sannan ku yanke hukunci. Idan na faɗi, wallahi zan yi godiya in koma gindin bishiyata. Amma a yi shi bana, ranka ya daɗe, tun ina iya karanta tambayar da kaina.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya raya maka zuriya.

Wassalam.

Hajara mai buga takardu,
Jushi, Sabon Gari.