Kulkin Hannun Hagu

Zuwa ga Yallaɓai Kwamishinan 'yan sanda mai kula da shiyyarmu a Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, sunana Ɗanjuma, ɗan gidan mahauta ne ni a Garwa, yanzu ina sana'ar fawa a wani shago a ƙasar Beljiyam. Wallahi kunya ce ta sa ni rubuta wannan wasiƙa, kuma na buɗe ta ga kowa don abin a bainar jama'a aka yi shi.

Na ɗaya. Ranar da matasa suka fito suna neman a mutunta ƙuri'arsu, ina tare da su da zuciyata. Na san wasu za su ce mai nesa da wuta ne ke da bakin zuga. Na yarda, ni ina cikin sanyi, su suna cikin hayaƙi mai sa hawaye. Amma mutum ya fito hannu rabbana ya ce a ƙirga abin da ya jefa daidai, ban ga laifinsa ba, har gobe.

Na biyu. Wani abokin aikina ya miƙo mini waya a shago, ya tambaye ni ko wannan ne garin da nake cika musu baki da shi. Bidiyo ne na ranar da matasan suka fito. Ɗan sanda ya kwantar da mutum a bakin titi yana jibgarsa, wata tsohuwa ta durƙusa tana roƙo da Fillanci. Mutumin Usmanu ne, ɗan moto, wato ɗan acaɓa, daga garin Pitowa, shi ke ɗauko mana nama daga kwata zuwa rumfarmu. Tsohuwar kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Asta. Tun ranar yana tsare a kwamisariyarku, wato ofishinku na 'yan sanda. Kullum tana kai abinci, kullum ana dawo mata da kwanon, ba a bari ta gan shi ba, ba ta san ko hannunsa da ya karye an ɗora ba.

Na uku, kuma nan ne bakina ke nauyi. Ɗan sandan ya rufe fuska, amma da hannun hagu yake riƙe da kulki. Na san wannan hannun. Ƙanena ne, Bala, uwa ɗaya uba ɗaya. Bahago ne tun yana ƙarami, shi ya sa marigayi Baba bai taɓa ba shi wuƙar yanka ba, har ya bar fawa ya shiga aikinku. Ranar da ya fara sa kaki, ni na fi kowa yawo da hotonsa. Abokin nan nawa yana jira in ba shi amsa, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da fiɗa kamar ban ji ba.

Yallaɓai, a gidanmu ko akuya za a yanka, sai an ba ta ruwa. Ba a wasa wuƙa a gabanta, ba a kayar da ita a gaban 'yar'uwarta. Baba ya taɓa marin Bala don ya ja tunkiya da ƙafa. Wannan tarbiyya muka ba ku shi da ita. Me kuka koya masa, har ya iya dukan ɗa a gaban uwarsa?

Da dangi suka ji zan tona asirin Bala, sun yi ta kirana, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne, ban yar da shi ba. Amma Inna Asta ma haihuwa ta yi.

Roƙona shi ne a bar Inna Asta ta ga ɗanta yau, a kai shi asibiti, a sake shi tare da sauran da aka kama don sun buɗe baki kawai. A binciki wanda ya ba da umarnin duka, kada a tsaya kan ƙanana. Idan kuma aka ce ba a gane mai kulkin ba saboda ya rufe fuska, to ga yayansa ya gane shi, kuma a shirye nake in maimaita haka a gaban alƙali.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare iyalanka daga irin ranar da Inna Asta ta gani. Allah Ya shiryi Bala, don har yanzu ƙanena ne.

Wassalam.

Ɗanjuma, yayan Bala.