Hoton Matar da Ke Ɗauke da Doya a Kafaɗa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Alhamdulillahi, rubutuna na Asabar ya karɓu. A Kasuwar Kure na hango wata mata 'yar Gbagyi da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kafaɗa, wuyanta a karkace. Na ɗauki hotonta ta baya, na saka a Fesbuk, na rubuta cewa lokaci ya yi da za a daina al'adun da ke wahalar da mata. Mutum ɗari uku sun yaba. Wata ma ta ce ni ce muryar marasa murya.

Ɗalibata Rhoda ba ta zo ƙungiyar muhawara da nake kula da ita ba. Ita ce mai buɗe mana magana a gasar makarantu ranar 26.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yau ma babu ita. Tana shiga aji, ana tashi ta wuce.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Nuriyya, ƙawar Rhoda, ta tsaya bayan kowa ya fita, tana ta murza bakin hijabinta. Da ƙyar ta faɗa min. Matar cikin hoton mahaifiyar Rhoda ce. Ta zanin aka gane ta. Tun Litinin 'yan aji ke karkata wuya idan Rhoda ta gifta, wai "marasa murya sun iso". Ta ce Rhoda ta bar muhawara, ba za ta sake tsayawa gaban mutane ba.

Allah ya yi wa Nuriyya albarka. Da ta yi shiru, da har yanzu ina ƙirga masu yabo.

Ko sannu ban yi wa matar ba ranar nan. Ina riƙe da waya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na hau mota daga Kpakungu zuwa Garatu, garin su Rhoda. Duk hanya ina shirya jawabi, ban yi amfani da ko kalma ɗaya ba.

Maman Rhoda ta shimfiɗa min tabarma, ta sa aka gasa doya. Ta riga ta ga hoton. Abin da ya fara damunta wai na ɗauke ta da tsohon zani, alhali tana da sabo. Na yi dariya, kunya kamar in nutse.

Na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun farko: me ya sa suke ɗaukar kaya a kafaɗa. Ta ce haka uwarta ta koya mata, haka kakarta ta yi. A wurinsu ana girmama kai, ba a ɗora masa kaya.

"Kai yana da aikinshi, Malama. Shi yana tunani. Kafaɗa ba ya tunani."

Ta ce in gwada. Doya huɗu kacal ta zuba. Taku biyar na yi suka watse, kaji suka tarwatse, maƙwabciyarta Dorothy tana cewa a kawo waya a ɗauke ni. Na cancanta. Ba ta ce aikin ba wahala, ta ce da wahala sosai. Amma abin da ke damunta hanyar gona ce da ruwa ya cinye, ba kafaɗa ba. Ban taɓa rubutu a kan wannan hanya ba, ban ma san da ita ba.

Rhoda ta raka ni bakin titi, ba ta kallona. Na ce zan rubuta dogon ban-haƙuri a Fesbuk kowa ya gani. Ta tsaya.

"Malama, don Allah kada ki sake saka mu. Za su yaba miki ne kawai, ni kuma a sake nuna ni."

Gaskiya ta faɗa. Har na riga na tsara jimlar farko a raina, kuma ta yi min daɗi.

Na goge hoton a gabanta. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban roƙa ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na tsaya gaban ajin na ce ni na yi kuskure, ba Rhoda ba, ba mahaifiyarta ba. Minti biyu. Ba wanda ya tafa, na gode Allah. Kujerarta a muhawara babu kowa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Rhoda ta zo muhawara. A baya ta zauna, jaka a cinya kamar mai shirin tashi. Nuriyya na tsakiyar gwajin buɗe magana sai na ji murya daga baya: hujja ta biyu ba ta da tushe, wa aka tambaya? Na ce to ta zo ta gyara. Ta ajiye jakar.

Allah na gode. Ban san me na yi da na samu yara irin waɗannan ba.

Wata ƙawata ta turo min bidiyon bikin wasu mutane a wata ƙasa, wai tana jiran ra'ayina. Na ce mata ban san su ba. Ba wani abu ba ne, aiki ne ya yi min yawa a makon nan.