Tayoyi Huɗu Kafin Haihuwa

Yaya Tungalag,

Gaisuwa mai yawa daga bakin tafkin Khovsgol. Yaya ƙafar Inna? Yaya yaranki? Ni lafiya ƙalau, cikin ya shiga watansa, sai dai na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san asibiti yana ƙetaren tafki, ruwan kuma ya daskare, a kan ƙanƙara za mu bi. Tsohuwar jif ɗin mijina Ganzorig kuwa, da sanyi ya taɓa baturinta sai ya mutu. Kullum da yamma mijin nawa yakan ciro shi, ya rungumo shi ɗaki, ya lulluɓe shi da bargona kusa da murhu. A littattafan da nake karantawa matar ake rungumowa. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ke ai kina tashi da safe ba sai an tura ki ba, gimbiya."

Na yi dariya, amma Yaya, shekaranjiya ya kai ni awon ciki, motar ta juya da mu sau biyu a tsakiyar tafkin. Tayoyin sun suɗe. Surukina ya ce sarƙar da ake ɗaura wa taya ta isa, haka aka kai matarsa haihuwar Ganzorig. Ni dai na ji yadda ƙanƙarar take ƙara a ƙarƙashinmu.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sayo tayoyi masu ƙusoshi guda huɗu, ko na hannu ne, ki ba direban da ke kawo fulawa. Ki hanzarta, tun jiya bayana yake ciwo.

Allah ya bar mana ke.

Ƙanwarki,
Nomin