Wanda Zai Fara Taka Ƙofar Mama

Thunder Bay, Kanada
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Elspeth,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Dougal da yara. Allah Ya ba Mama sauƙin ƙafafun nan, Ya ƙara mana haƙurin rashin ƙanenmu Calum. Ni ma lafiya, sai sanyi da aikin rumbun hatsi, wanda ba ya kashe mutum, ba ya kuma barinsa ya huta.

Saƙonki ya iso. Kin ce Mama na ta tambayar wa zai fara taka mata ƙofa daren sabuwar shekara, tunda teku ta ɗauke Calum. Yaya, har dariya na yi, irin marar daɗin nan. Tun muna yara shi ake turawa waje kafin ƙararrawar coci ta tsakar dare, da dunƙulen kwal da kwalbar wuski, in ta kaɗa ya zama na farkon shigowa, don baƙin gashinsa mai kawo sa'a. Ni mai jan kai kuwa, a ɗakin girki ake tsare ni, wai jan gashi rashin sa'a yake kawowa. Kin tuna shekarar da jirginmu na kamun kifi ya makara, na faɗo gida a jiƙe, ban san ƙararrawa ta kaɗa ba, na riga shi shiga. Mama na ta cewa in koma, in koma, amma ƙafa ta riga ta taka. Kafin bazara muka binne Baba. Ba ta taɓa cewa ni ne na jawo ba. Ta dai daina kirana Jan Zakaranta, na koma Fergus kawai. Ban ga laifinta ba, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amma ni ma tsumman na ji zafi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Tun rasuwar Calum nake jin ƙwanƙwasarsa a ƙofata, biyu da sauri, ɗaya a hankali. In na buɗe ba kowa, ba ko sawu a kan ƙanƙara, sai warin hayaƙin kwal, alhali nan da lantarki muke ɗumama ɗaki. Maƙwabcina ya ce bututun ruwa ne, in rage shan shayi. Wataƙila. Ni dai gani nake Calum ne, kwal ɗin yake so ya miƙa wa wani.

To, zan zo. Amma kada ki matsa mata. Ki faɗa mata jan gashin ya ƙare, kaina fari fat kamar na Baba, ki tambaye ta ko al'ada ta ce wani abu a kan fari. Zan tsaya a waje da kwal ɗina. In ba ta buɗe ba, zan ajiye shi a bakin ƙofa, ba fushi. In kuma kun ji an riga ni ƙwanƙwasawa, ku buɗe kawai. Calum ne, shi ke da baƙin gashi, ni zan bi bayansa.

Ki gaida Dougal, da Gwaggo Ishbel, da ƙaramarki Kirsty. Mama kuwa, ki riƙe mata hannu a madadina.

Ƙanenki,
Fergus