Jitar da Karkatacciya Ta Amsa Wa

Zuwa ga Yaya Ɗanladi,

Sallama da girmamawa daga ƙaninka Tanko, haɗe da gaisuwar Mama da ta autarmu Laraba. Bisa tsarin wasiƙa ya kamata in tambayi lafiyarka da ta mutanen gida, to amma mu ne mutanen gidan, kai kuma ka tafi inda ba a kai saƙo. Muna nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa maƙwabta. Masu bin shafina da za su karanta wannan su yi haƙuri, maganar jita ce, kuma tsakanina da yayana ce.

An sa bikin Laraba bayan girbi. Yaron nan na Bwari ne dai, wanda ka ce in ya sake zuwa gidanmu da takalmin nan mai tsini sai ka kore shi. Mama ta kira ni Ushafa, na same ta tana ginin tukunya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce kai ka yi wa Laraba alkawarin kiɗan bikinta, don haka tana son ta ji muryar jitarka a ranar. Ta ce in ba za a ji ta ba, kada in kawo kiɗan komai, a ɗaura aure shiru kowa ya watse. Ka san Mama, ba ta maimaita magana.

Karkatacciya tana nan. Ga waɗanda ba su san ta ba, jitar lantarki ce fara wadda tsufa ya mayar ruwan madara, ƙugunta a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya hawa, kamar macen da ta ɗora yaro a kwankwaso. Ranar da ka kawo ta daga wajen 'yan gwanjo dariya na yi ta yi maka, na ce an sayar maka da wadda ta faɗo daga mota. Ka ce in zauna in ɗora ta a cinya tukuna. Na ɗora, ta zauna daram, ba zamewa ba gocewa. Daga ranar na kama bakina.

Muryarta siririya ce, tas, tana ratsa hayaniyar biki ta isa kunnen masu girki a bayan gida. Kuma tana da wani hali da masu irinta da yawa ba sa so. Tsirkiyoyinta suna da saura mai tsawo a bayan jaki, wato ɗan ƙarfen da suke hawa, kuma in ana kiɗa kusa da ita sai ta riƙa ɗan kuka ita kaɗai. Wasu tsumma suke cusawa su toshe. Kai ka hana. Kakan ce, "Kunnenta ne wannan, da shi take jin na kusa da ita." Ni a lokacin na ɗauka surutun makaɗa ne kawai.

Tawa baƙa ce mai nauyi, muryarta mai kauri, kuma kai ka zaɓa min ita. Ka ce ba a zaɓen jita ita kaɗai. Ka ɗauki Karkatacciya muka shiga shago, kana kaɗawa ina amsa maka da kowace jitar da ke rataye, har mai shagon ya gaji ya fita cin abinci ya bar mu. Ka ce a wajen Mama ka koya, ita da ba ta gina tukunya yau ta nemi murfi gobe, tare take gina su, tare take gasa su. Da jitocin nan biyu muka yi shekaru muna yawo, bukukuwan Lugbe, taron cocin su Mama, sunan dangin Baba, har rugar Fulanin da suka zo suka ɗauke mu da janareta a bayan babur. Kai ka yi kira daga sama, ni in amsa daga ƙasa. Ban taɓa sha'awar wurinka ba, nawa ya ishe ni.

Ɗakinmu na Durumi ya daɗe da jan fentin masu rusau a bango, har muka saba da shi. Ƙusa ma ka kafa a tsakiyar alamar kana rataya tawul. Ranar da katafila ta zo da hantsi ina Lugbe wajen gyaran sifika. Maƙwabta suka ce ka fito da Karkatacciya, ka miƙa wa mai shayi, ka juya. Sun riƙe maka riga ka fizge, ka ce ta Tanko tana ciki. Bangon maƙwabcinmu aka tura, ya faɗo kan namu.

Yaya, wa ya aike ka? Katako ne fa da waya! Don Allah wa ya ce maka ina son ta fiye da kai? Har yau haushinka nake ji, kuma ba zan ɓoye ba don mutane suna karantawa. Masu ta'aziyya sun yi ta ce min ba a fushi da mamaci. To ni ina yi, nakan farka da shi in wuni da shi. Da aka tono ka an tono jitar tawa a gefenka, wuyanta ya rabu da jikinta. Ko ƙusa ɗaya ban ɗauko daga jikinta ba, a cikin ɓaraguzan na bar ta.

Tun daga nan ban sake kiɗa ba, gyaran sifika nake ci da shi. Karkatacciya tana rataye a ɗakin da na kama a Lugbe. Nakan goge ta, in ɗaure tsirkiyar da ta saki ta koma daidai, amma ban taɓa kaɗa waƙa da ita ba, ban kuma bar wani ya kaɗa ba. Tsirkiyoyin da ka sa mata ne har yanzu, da tsatsar zufar hannunka. A bayan wuyanta akwai wurin da babban yatsanka ya cinye fenti. In na kama ta yatsana ba ya faɗawa wurin, hannunka ya fi nawa girma.

Ka ga inda Mama ta sa ni. Ba ni da jita, taka kuma na kasa. Na gwada bayan na dawo daga Ushafa, na rataya ta a kafaɗa, sai na ji kamar na sa rigarka na fita mutane suna kallona. Yatsuna suka ƙi tafiya. Sai wata dabara ta zo min, wadda na ga kamar ta masu wayo ce: in sayi sabuwa irinta sak, mai karkataccen ƙugu da siririyar murya, in kaɗa wurinka da ita a bikin. Na ce Mama tsohuwa ce, cikin hayaniya ina za ta bambance? Ka ji fa. Matar da ke ƙwanƙwasa tukunya sau ɗaya ta gaya maka akwai tsaga a gindinta, ita zan yi wa wayon kunne.

Na ɗauki Karkatacciya na tafi wani shagon kayan kiɗa a hanyar filin jirgi, don in gwada muryarta da ta sabuwar. Mai shagon mutumin kudu ne, Hausarsa irin ta Abuja, mace da namiji duk ɗaya. Yana ganinta ya ce, "Oga, wannan jita yana da ɗan'uwa a nan." Ya sauko da wata shuɗiya fil, ƙirarsu ɗaya, ko ƙwarzane babu. Ya jona kowace a sifikarta, ya buɗe murya, sannan ya miƙa hannu zai ɗauki taka don ya kaɗa mu ji su tare. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Bawan Allah ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. Na karɓe ta na jingina ta a jikin sifika, a jone, muryarta a buɗe kamar yadda ya bar ta.

Na kaɗa shuɗiyar. Wallahi tana da kyau, kuma muryar ta yi kama, kamar yadda ɗan wani kan yi kama da ɗanka daga nesa. Ina kaɗawa raina yana ƙara ɓaci. Sai maganarka ta ranar da ka zaɓa min tawa ta dawo min: "Kar ka nemi abin da nake da shi, nemi abin da ba ni da shi. Siririya biyu faɗa suke yi." Na mayar masa da abarsa, na ce ya kawo min masu kauri.

Ya yi haƙuri da ni, Allah ya saka masa. Ya kawo wata ja mai tsiwa, muryarta a tsakiya amma tana leƙa sama, na san in kuna tare za ta riƙa taka maka ƙafa. Ya kawo wata ƙatuwa mai rami a ciki, mai daɗin gaske, amma da na matso kusa da sifika sai ta ɓarke da ihu, irinta ba ta zuwa bikin ƙauye da janareta. Ya kawo wata mara nauyi, kamar ka ɗauki faifai, muryarta tana mutuwa tun kafin ka ɗaga yatsa. Duk na kaɗa na ajiye. Yadda ka koya min sai da mutum biyu, ni kuma ni kaɗai ne, ban ma san me nake saurare ba.

Can a lungu na hango wata tsohuwa ruwan ƙasa, fentinta duk ya ƙwarzane. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautinta biyu-biyu ne a manne, irin na tawa ta da, su ke ba da kaurin. Mai shagon ya ce ba mai son ta, kafaɗa take karyawa. Na ce ya kawo. Na rataya, nauyin ya sauka daidai inda na saba jin sa. Ban yi shawara ba, hannuna da kansa ya tafi kiɗan da ka tsara wa Laraba, wanda muka yi ta bita a Durumi tana leƙowa tana cewa mun fiye sauri. Na yi amshina ba tare da kira ba, na kai ƙarshen layi, na tsaya a wurin da kake shigowa.

Karkatacciya ta yi kuka.

Siririn sauti ne, ya taso a hankali daga sifikarta, ya tsaya a sama kaɗan, ya sauka. Ba wanda ke kusa da ita. Mai shagon ya ce, "Oga, wallahi ban taɓa shi ba." Na sake yin amshin, na tsaya, ta sake. Na ɗauko shuɗiyar na kaɗa layin nan dai, shiru. Na koma kan ruwan ƙasar, ta amsa.

Na san dalili, Yaya, aikina ne. Kaurin muryar ne ke girgiza sifika, sifika ta girgiza katako, katako ya girgiza tsirkiya. Ba aljani ba ne, ba fatalwa ba ce, kuma ba kai ba ne. Duk na sani. Amma a ƙasan shagon na zauna da jitar mutane a cinyata na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ka. Mai shagon ya juya baya yana gyara wayoyin da ba su lalace ba. Da na tashi na ba shi haƙurin tsawar da na yi masa, na ce ita zan ɗauka.

Ranar Lahadi da la'asar na kai su Ushafa su biyu. Mama ta karɓi sabuwar, ta kara kunne, ta ƙwanƙwasa bayanta da gaɓar yatsa, ta ce ba tsaga. Na jona su a tsakar gida cikin tukwanen da aka shanya, na jingina taka a jikin sifika. Laraba tana tsaye bakin ƙofa. Na yi amshina na tsaya, Karkatacciya ta shigo. Laraba ta rufe baki da mayafi ta koma ɗaki.

Mama ba ta motsa ba. Ta ce, "Ita ce." Can kuma ta ce muryar ba ta daɗewa. Na ce iyakarta ke nan, Mama, ba wanda ke riƙe da ita. Na sake kaɗawa, ban jira sautin ya gama sauka ba na shiga layi na gaba, sai ta ɗaga min hannu, hannun duk yumɓu. Ta ce, "Kana shigowa da wuri. Bar masa wurinsa ya gama. Tun yana yaro ba ya son a katse shi."

To za a yi kiɗa a bikin Laraba. Mama ta ce a jingina ka kusa da kujerarta. Haka ta faɗa, ban gyara mata ba.

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba, kai nake gaya wa. Da nake mayar da Karkatacciya cikin jaka na duba tsirkiya ta biyu, wadda ta fi kowace amsawa, na ga tsatsa ta ci ta daidai kan jaki, saura ƙiris. Sabuwa tana nan a aljihun jakar, kai ka saya ka ajiye, minti kaɗan zai ɗauke ni in sauya. Na kasa. In na cire wannan, hannunka na ƙarshe na cire. Kullum da safe sai na leƙa in ga ko tana nan.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka, ya sa ka huta, ya buɗa maka wurin da ba mai zuwa ya shafa masa jan fenti. Allah ya ba Mama haƙuri, ya ba Laraba zaman lafiya a gidanta. Ni kuma Allah ya cire min wannan fushin, don ya yi min nauyi. Kuma ya Allah, ka riƙe min tsirkiyar nan har a kai Laraba ɗakinta.

Ƙaninka, ɗan amshinka,
Tanko
Lugbe, Abuja